Shanun Samba da Kabul ɗin Harisu

Tun kafin Harisu ya kashe motonsa, wato babur, ya san akwai magana, don shanun ba sa kuka. Duk wanda ya taɓa zuwa mashaya a tsakiyar bazara ya san yadda wurin yake: shanu na ruri, jakai na hargowa, makiyaya na musu a kan wa ya riga wa. Ranar kuwa tsit kake ji. Garke guda na jajayen shanu masu dogayen ƙahoni yana tsaye kewaye da komayen siminti, kowace saniya ta sunkuyar da kai cikin komin da ko danshi babu a cikinsa. Ƙudaje na sauka a idanunsu, ko kai ba sa girgizawa. Harisu ya daɗe zaune bisa moton kafin ya sa ƙafa a ƙasa.

Harisu mai gyaran famfunan hasken rana ne a Dakoro, kuma ya iya aikinsa, wannan ba mai ƙwace masa. Matsalarsa ɗaya, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Foraj ɗin nan, wato rijiyar burtsatse da mashayar ta dogara da ita, yana can arewa da Bader Gula, inda gonakin gero suke ƙarewa rairayi ya karɓa, kuma babu wani ruwa kusa da shi. Shekaranjiya famfon ya tsaya. Intalla, dattijon da ke gadin wurin, ya hau tudun da ake samun rezo, wato sabis na waya, ya kira Harisu, sannan ya miƙa wayar ga Samba, mai garken nan. Samba bai ja magana ba. Ya ce sauran makiyaya suna ɗaure kaya za su nufi rijiyoyin wajen Korahane tun shanunsu na da ƙarfin tafiya, shi kuma tambaya yake, ya bi su ko ya jira?

Lokacin Harisu na zaune a inuwar rumfar mai shayi da ledar ruwan sanyi a hannu. Ya ce, "Haba Baba Samba, tahiya ina cikin wagga rana? Ku jira. Na san ciwon injin nan, aikin shan shayi guda ne. Gobe da hantsi shanunku na shan ruwa."

Magana zarar bunu ce. Goben ta zo, wani aiki ya riƙe shi a Birnin Lalle, tayar moto ta fashe a hanyar dawowa, sai yau ya iso. Kowa ya tafi. Samba kaɗai ya tsaya, saboda an ce masa ya tsaya.

Samba ya taso daga gindin wata aduwa, dogo ne siriri, da malfa a ka da sanda a kafaɗa. Ya miƙa wa Harisu hannu, ya tambaye shi hanya, ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi iyali da mutanen Dakoro ɗaya bayan ɗaya. Shanu ko da wasa bai ambata ba. Wallahi da zaginsa ya yi da Harisu ya fi jin daɗi. Intalla ne dai ba ya ɓoye abin da ke ransa. Ya gyara rawaninsa da ya rufe masa har hanci, ya dubi rana, ya dubi Harisu, ya ce, "Injiniya, hantsin Dakoro ke nan? Namu na nan ya wuce tun jiya."

Harisu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ciro kwamfutarsa daga jaka ya nufi akwatin famfon.

Akwatin nan na ƙarfe, da ke maƙale a ƙarƙashin faifan hasken rana, shi ke ba famfo umarni. In zafi ya yi masa yawa ya katse sau da yawa a jere, sai ya kulle kansa, kuma babu maɓallin da za ka taɓa ya buɗe. Sai an haɗa shi da kwamfuta ta kabul ɗin USB, an shiga da manhajarsa an sake shi. Manhajar kuwa tsohuwa ce tukuf, ba ta aiki sai a kan wani tsohon tsari da kwamfutocin yanzu suka daina ɗauka. Don haka Harisu yake ajiye tsohon tsarin a cikin sabon, kwamfuta cikin kwamfuta, abin da masu sana'ar ke kira mashin birtuwel. Shi dai yana kiran sabon tsarin mai gida, tsohon kuma baƙo. Duk abin da aka soka a jikin kwamfutar hannun mai gida yake fara faɗawa, shi zai miƙa wa baƙo. Shekara da shekaru haka suke yi lafiya lau.

To, sai makon da ya wuce Harisu ya je biro, wato ofishin wani abokinsa, inda intanet ke zuba kyauta, ya ga an fito da sabon tsari, hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya yi wa mai gida mizajur, wato ya sabunta shi tun daga tushe, yana ta cika baki wai karen bana shi ke maganin zomon bana. Da aka gama ya buɗe baƙo, ya ga ya tashi garau, ya rufe ya tafi abinsa. Kabul ɗin kuwa bai gwada ba. Ai shi ya sa aka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya tsuguna, ya soka bakin kabul guda a akwatin, ɗayan a kwamfuta. Ya tada baƙo, ya buɗe manhajar. Manhaja ta ce ba ta ga komai ba. Ya je wurin da ake miƙa wa baƙo kayan USB, ya ga sunan kabul ɗin, ya danna. Wani ɗan saƙo ya fito ya ce ba za a iya ba. Ya sake dannawa, amsa ɗaya. Ya cire ya canza rami, ya hura bakin kabul ɗin, ya goge shi da gefen riga, ya kashe komai ya sake tadawa. Duk a banza.

"Ya ake ciki?" in ji Intalla, yana tsaye a kansa.

"Ana ciki," in ji Harisu. "Shina ɗan ɗaukar lokaci."

Ya ci gaba da danne-danne don kada hannunsa ya tsaya a gan shi. Rana kuwa ta take tsaka, hasken ya cinye fuskar kwamfutar, sai ya kare da tafin hannu yake iya ganin rubutu. Bilki, matar Samba, tsohuwa mai ƙananan kitso, ta lura da haka. Ta kawo wani baƙin zane ta ce ya lulluɓa shi da na'urar. A ɗaya hannun kuma ta riƙo ƴar ƙwarya da ruwa a ciki, ruwa ja-ja mai warin roba, irin na gindin bido, wato jarka. Harisu ya dubi leɓɓanta da suka tsage, ya ce ya ƙoshi, ya sha a hanya.

Samba daga inda yake ya ce, "Sha, ɗana. Baƙo ba ya ƙin ruwa."

Ya sha. Yana haɗiya yana jin maƙogwaronsa na ƙara, kuma ya tabbata duk wanda ke wurin yana jin ƙarar nan. Bai taɓa shan abin da ya yi masa nauyi a ciki irin wannan ba. Ya miƙa ƙwaryar bai iya duban Bilki ba, ya ja zanen ya rufe kansa.

Cikin zanen akwai duhu da zafi da warin hayaƙi, amma aƙalla ba mai ganin fuskarsa. A nan ya bar tsoron ya fito. Ya shiga kuskuren haruffa. Ya yi ta tambayar kansa, kabul ɗin ne ya mutu? Akwatin ne ya ƙone? Ko mizajur ɗin nan ce ta rufe ƙofar da ke tsakanin mai gida da baƙo? In ƙofar ce, to sai an sauko da wani abu daga intanet, kuma intanet mafi kusa yana Dakoro. Ya fito daga zanen ya hau tudu da wayarsa, ya kira abokinsa na biro. Rezo ya kawo ya ɗauke, ya kawo ya ɗauke, daga ƙarshe wata murya ta ce wayar a kashe take. Daga kan tudun ya hango garken gaba ɗaya, da ƴan maruƙa kwance a inuwar iyayensu. Bai taɓa ƙirga shanun wani ba, amma ya san dukiyar gida guda ce tun daga kakanni take tsaye a wurin nan. Ya sauko ƙafafunsa na nutsewa cikin rairayi mai zafi.

Bayan azahar, wadda suka yi da taimama, Samba ya zo ya tsuguna kusa da shi. Ya yi magana a hankali kamar mai ba da labarin wani. Ya ce in za a tafi, da la'asar ake tashi, rana ta yi sanyi, a yi ta tafiya har a wayi gari a bakin rijiya. Masu ƙarfi za su kai. Maruƙa da masu ciki da tsofaffi, wasu za su kai, wasu hanya za ta ci. In kuwa aka sake kwana a nan babu ruwa, gobe ko masu ƙarfin ba za su iya tafiyar ba.

"Da la'asar in sake tambayarka," in ji shi. Ya tashi ya koma gindin aduwa.

Harisu ya san wani abin da Samba bai faɗa ba. Famfon nan da rana yake aiki. La'asar na yi ƙarfinsa zai fara raguwa, rana na faɗuwa ya tsaya, ko da an gyara shi. Ya koma cikin zane.

Can sai ya ji an ɗaga gefen zanen, hannun Intalla ya shigo riƙe da waya da igiyarta. "Tunda na'urarka ba ta ba shanu ruwa, ta ba wayata wuta. Tun da injin ya tsaya ba mu da inda muke sharji."

Haka abin yake a daji, duk inda aka ga rami mai ba da wuta sai an soka waya, kuma ba a hanawa. Harisu ya yi tsaki a ransa ya soka. Sai ga sunan wayar ya fito a wurin kayan USB. Don kawai hannunsa ya samu abin yi, ya danna. Nan take baƙo ya yi ƴar ƙararsa ta maraba, ya karɓi wayar Intalla salin alin. Ashe ƙofar a buɗe take. Mai gida na miƙa kaya, kabul ɗin nan kaɗai yake ƙin miƙawa. To don me?

Bai kai ga amsa ba ya ji wani abu ya faɗi tim, ƙasa ta amsa. Ya leƙo. Wata karsana mai ciki ce ta zube a bakin komi. Samba da Intalla da Bilki suka rugo, suka zura sanduna ta ƙarƙashin cikinta suna ɗagawa, Samba na yi mata magana da Fulatanci a kunne. Ta miƙe da ƙafafun gaba, ta yi rawa, ta koma. Suka sake, ta sake komawa, ta miƙar da wuya bisa rairayi. Samba ya tsaya ya daɗe yana dubanta. Daga nan ya juya baya, ya ce da Intalla wata kalma guda.

Harisu ya ja zanen ya rufe kansa da sauri. Amma zane ba ya tare kunne. Ya ji Intalla na wasa wuƙa a gefen komin siminti, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ba gaggawa. Ya san sarai ta karsanar ce, za a yanka ta kafin ta zama mushe. Ya sani, amma duk jan da aka yi wa wuƙar sai tsikar jikinsa ta tashi, wuyansa ya yi sanyi. Yana shi kaɗai, nesa da gida, tsakanin mutanen da ya cuta da bakinsa. Ya ji bisimillar Intalla, ya ji abin da ya biyo baya. Ya runtse ido yana salati.

Da ya buɗe ido, cikin duhun zanen, sai ya ga wani abu. A jikin kabul ɗin akwai wata ƴar fitila ƙarama kamar ƙwayar gero, wadda ba ta ƙiftawa sai in ana magana ta cikinsa. Cikin hasken rana bai lura da ita ba. Ga ta nan tana ƙiftawa, ta tsaya, ta sake ƙiftawa. Baƙo bai karɓi kabul ɗin ba, manhaja ba ta gan shi ba, amma wani yana magana da shi. Wani a cikin gidan ya riga ya cafke shi tun a bakin ƙofa, shi ya sa mai gida ya rasa abin miƙawa. In dai haka ne, nemo mai riƙon kawai za a yi a ce ya saki.

"Malam Harisu."

Muryar Samba ce. Harisu ya yaye zanen. Inuwar aduwa ta miƙe ta yi tsawo, la'asar ta yi. Samba na tsaye da sandarsa, bayansa Intalla na goge wuƙa da rairayi, jinin karsanar ya yi baƙi a ƙasa.

"Mu jira ko mu tahi?"

Nan fa ake yin ta. Harisu ya ga hanya, kusan ya tabbata ita ce. Da ya ce a ba shi ɗan lokaci kaɗan, da Samba ya ba shi. Amma ya dubi jinin nan, ya tuna da bakinsa ya ce a jira aka jira, ga abin da jiran ya haifar. In ya sake cewa a jira, abin ya ƙi fa? Gobe ba karsana guda za a yanka ba. Tsoro ya kama shi, kuma gaskiya ba tsoron shanun ba ne kaɗai, so yake a sauke masa kayan nan daga ka ko ta halin ƙaƙa. In sun tafi, duk abin da ya same su a hanya, hanya ce ta yi, ba shi ba.

Ya ce, "Ku tahi, Baba. Ban ga alamar za ya tashi yau ba."

Kai, tsoro bai yi ba! Ƙarya ce ya yi, kuma ya san ƙarya ce tun tana bakinsa.

Samba ya gyaɗa kai. "To. Ka yi ƙoƙari. Allah shi saka da alheri."

Aka ɗora kaya bisa jakai, Bilki ta karɓi zanenta ta ninke. Samba ya ware waɗanda ya san ba za su kai ba, ƴan maruƙa da tsofaffin shanu kaɗan, ya bar wa Intalla su da wuƙarsa. Sannan ya shiga gaba ya yi kira, garken ya motsa da ƙyar, ƙafa na jan ƙafa. Iyayen maruƙan na waiwaye, Bilki na kora su daga baya. A hankali suka haye tudu suka ɓace.

Harisu ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓa da ita. Yanzu da ba mai tsaye a kansa, hankalinsa ya dawo jikinsa, abin haushi. Ya buɗe baƙin allon da ake ba mai gida umarni kai tsaye, ya tambaye shi wa ke riƙe da kabul. Amsa ta fito, sunan wata ƴar manhaja ce da bai taɓa sakawa da hannunsa ba, mizajur ce ta zo da ita. Ya ƙura wa sunan ido, sai ya gane. Ya taɓa yin aikin wuta a wata makarantar makafi a Maradi, ya ga allon da suke karatu da shi da yatsa, wanda ake haɗawa da kwamfuta. Manhajar nan aikinta ke nan, ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran irin wannan allo. Kabul ɗin Harisu ya yi mata kama da shi, shi ya sa duk sokawar da ya yi sai ta riga kowa cafkewa, tana ta yi masa magana tana jiran amsa.

Ya tsayar da ita da layi guda. Ya cire kabul, ya mayar, ya danna. Baƙo ya yi ƙararsa ta maraba.

Manhajar famfo ta buɗe, ta nuna abin da ya faɗa tun a waya, zafi ne ya sa akwatin ya kulle kansa. Ya sake shi. Akwatin ya yi ƙas, ya ɗauki wani siririn kuka da ke hawa sama. Harisu ya dafa tiyon ƙarfe da ke fitowa daga ƙasa, ya ji yana rawa a tafinsa, sannan ya ji ya yi sanyi. Can sama cikin shato, babban tankin da ke bisa ƙafafun ƙarfe, ruwa ya faɗa cikin wofi da ƙara kamar ana dukan ganga. Intalla ya jefar da wuƙa yana kabbara. Ya buɗe bakin tiyon da ke zuba a komi, maruƙan da aka bari don su mutu suka taso suna tangaɗi suka kafa kai.

Aikin shan shayi guda ne, kamar yadda ya ce. Amma Harisu bai ji daɗi ko na ƙwayar zarra ba. Ya dubi tudun da garken ya haye, wani sabon tsoro ya rufe shi wanda ya fi na ɗazu. Ga ruwa na zuba, shi kuma ya tura shanun mutum cikin tafiyar da za ta kashe rabinsu.

Intalla ya daka masa tsawa, "Mi kake kallo? Bi su! Kuma kada ka je masu da baki, bakinka ya ƙare a wurin Samba."

Harisu ya tsoma rigarsa cikin komi har ta jiƙe sharkaf, ya saka ta a jiki tana ɗiga, ya haye moto. Rairayi na kama taya, moton na wutsil-wutsil, ya faɗi ya tashi ya ci gaba da bin sawun kofato. Bai yi nisa sosai ba ya cim masu a wani kwari, don tafiyar tasu ba ta da sauri. Ya wuce Bilki da jakai, ya kashe moto a gefen garken yana kiran sunan Samba.

Bai yi tunanin hancin shanu ba. Saniyar da ke kusa da shi ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ta juyo. Ta bayanta ma ta juyo. Kafin ya ankara sun kewaye shi, ƙahoni ta ko'ina, dogaye masu tsini, suna karo da juna a saman kansa. Wani busasshen harshe mai kaushi ya lashi hannunsa, wata ta kama gefen rigar da baki tana ja, wata ta tura shi ta baya har ya durƙusa. Numfashinsu mai zafi ya rufe shi. Ya ɗora hannuwa a ka ya ƙwala ihu, ya sadaƙar yau kwanansa ya ƙare. Sai ya ji muryar Samba da ƙarar sanda bisa ƙaho, shanun suka ɗan ja baya suna huci.

Samba ya tsaya a kansa. Ya kama hannun rigar ya matse a tafinsa, ya kai baki ya ɗanɗana.

"Ya tashi, Baba," in ji Harisu. "Wallahi ya tashi. Maruƙanku na sha yanzu haka."

Samba ya dubi yamma, inda rana ta yi ja ta sauko. "Injinka da rana yake sha. Abin da za ya hau shato kahin ta hwaɗi, ya ishe su?"

Harisu ya buɗe baki zai ce ya isa, ya kama kansa. "Ba ya isa. Sai dai kowace ta jiƙa maƙoshi. Sauran sai gobe in rana ta hito."

"In ta hito kuma ya sake kullewa?"

"In buɗe shi. Na gano abin da ya hana."

"Shekaranjiya ma ka san ciwon." Samba bai ɗaga murya ba. "Ka ce in jira, na jira. Ka ce in tahi, na taho. Yanzu ka ce in koma. In na juya su, ƙarhin da za su kai Korahane da shi ya ƙare, babu wata tahiya bayan wagga. Kai kuwa kana da moto, ɗana. In abin ya ƙi gobe, kai ka kwana Dakoro. Mu ina za mu kwana?"

Duk abin da Harisu zai faɗa ya riga ya faɗi irinsa. Ya tashi tsaye. Ya je ga moton da ke kwance a rairayi, ya zare makullin, ya dawo ya kama hannun Samba ya saka masa a tafi, ya naɗe yatsun dattijon a kai.

"Moton ya kwana nan cikin daji. Ni da ƙahwa za ni koma tare da ku. Kada ku ba ni shi sai saniyar ƙarshe ta ƙoshi."

Samba ya dubi makullin, ya dubi Bilki da ta iso da jakai. Ita kuwa sai ta kama igiyar jakin gaba ta riƙe. Dattijon ya cire malfarsa ya jefa makullin a ciki, ya mayar a ka. Sannan ya ratsa ta tsakiyar garken ya koma ta inda suka fito, ya ɗaga sanda ya yi kira mai tsawo, shanun suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya.

Harisu ya bi su a tsakiya, ƙahoni na wucewa ta gefen kunnuwansa, rigar na bushewa a jikinsa. Tsoron bai sake shi ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, don yanzu in akwatin nan ya ƙi gobe, yana nan a wurin za a wasa wuƙa, ba inda za shi. Yana tafe yana kasa kunne wajen tudu ko zai jiyo kukan injin, yana duban rana yana roƙon Allah ta ɗan dakata.